Yatsun Lantana Mai Kitso

Ku ci gaba da ɓarar gyaɗarku, kunnenku kawai nake so. Ke Ladiyo, kashe rediyon nan ki matso kusa. Yau ba tatsuniya na kawo muku ba, labari ne na mutanen da na zauna da su a Kazaure, na ci tuwonsu suka ci nawa. Idan na kai ƙarshe akwai shari'ar da za ku yanke, saboda haka kada wadda ta ce mini za ta je duba tukunya.

Akwai wata mata a unguwarmu ana ce mata Lantana mai kitso. Tun tana budurwa take sana'ar, har ta aurar da 'ya'ya tana yi. Idan ta tsaga kai da kibiya, sai ku rantse zare aka ja. Shuku ne, kalaba ce, doka ce irin ta tsofaffi, babu wanda ya gagare ta. Abin da ya fi ba mutane mamaki, ba ta kallon kan da take kitsawa. Idonta na kan mai ba ta labari, bakinta na dariya, yatsu na can suna aikinsu. Ita da kanta takan ce idanunta na gaskiya a kan yatsunta suke.

Yatsun nan ne kuwa suka fara gano abin. Wata rana tana wanka ta ji wani ɗan ƙullutu a mamanta na hagu, mai tauri, ba ya ciwo. Mijinta Malam Sabi'u tela, Allah ya saka masa, bai tsaya jiƙe-jiƙe ba, ya kai ta babban asibiti a Kano. Aka yi gwaje-gwaje, aka ce sankarar mama ce. Aka yi mata aiki. Bayan wurin ya warke aka ce sai ta riƙa zuwa ana ɗaura mata ruwan magani, wanda suke kira kimo, don ya bi jiki ya kashe ragowar ciwon da wuƙa ba ta gani ba.

Lantana mace ce mai juriya. Amai ya zo, ta jure. Abinci ya daina yi mata ɗanɗano, ta jure. Gashin kanta ya zube tas, ta shafa kan ta ce wa mata masu zuwa dubiya, "Kun ga mai kitso an huta da ita." Su ne suka yi kuka, ita tana dariya.

Sai aka sauya mata wani ruwan, wanda ake ɗaurawa mako-mako. Nan ne abin ya taɓa inda ba ta da juriya. Da fari kamar minjirya take ji a kan yatsun hannu da na ƙafa. Daga nan ya koma zugi, kamar an shafa mata barkono a ƙarƙashin fata. Daga nan kuma sai wurin ya fara mutuwa. Ta taka ƙasa ta ji kamar a kan auduga take tafiya. Ta riƙe carbi ta kasa jin ƙwayar da ke tsakanin yatsunta. Ranar da kibiya ta faɗi daga hannunta ba ta sani ba, sai da ta ji ƙararta a kan siminti, ranar ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa.

Ba ta gaya wa kowa ba. A zatonta ciwon ne ya bazu ya shiga ƙashi, kuma ba ta son ta ji haka daga bakin likita. Ta ce a ranta, idan ma maganin ne yake cinye mata hannu, to ya ishe ta. Za ta je sau ɗaya na ƙarshe don kada Malam Sabi'u ya yi zargi, daga nan ba za ta sake taka asibitin ba.

To, a nan mata uku suka shigo labarin. Ku riƙe sunayensu da kyau.

Ta farko ita ce Barira, ƙanwarta uwa ɗaya uba ɗaya. Mahaifiyarsu ta rasu Barira na jaririya, Lantana ce ta goye ta, ta yaye ta, ta kai ta ɗakin miji. Barira ba ta taɓa haɗa ido da yayarta ba, balle ta musa mata magana. Ta baro gidanta a Roni ta zo jinya. Wata safiya Lantana na tsaye bakin murhu tana dama koko, sai Barira ta ji ƙauri. Ta duba tukunya, ba ita ba ce. Ta duba ƙasa, sai ga garwashi ja wur a ƙarƙashin diddigen yayarta.

"Yaya, ɗaga ƙafarki!"

Lantana ta ɗaga. Fata ta ƙone har ta yi baƙi, ita kuwa ba ta ji komai ba. Can Lantana ta zauna ta gaya mata duka, har da niyyar daina zuwa asibiti. Ta kama hannunta ta ce, "Idan har ni ce na goye ki, maganar nan ta tsaya tsakanina da ke." Barira ta sunkuya tana wanke mata ƙunar, amma ba ta yi alkawari ba.

Ranar zuwa asibiti likitar, wata mace mai sanyin murya, ta tambaya kamar yadda ta saba. "Mama, hannu da ƙafa fa? Babu zugi, babu inda ya sage?"

"Lafiya lau, alhamdulillahi," in ji Lantana.

Barira na tsaye bakin ƙofa riƙe da jaka. Sai aka ji muryarta kamar ba tata ba. "Likita, don Allah ki ce ta cire safarta ta hagu."

Ta faɗi komai, ba ta rage ko kalma ba. Likitar ta duba ƙunar, ta gwada yatsun ɗaya bayan ɗaya, sannan ta jawo kujera ta zauna dab da Lantana. Ta ce, "Mama, ba ciwon ne ya bazu ba. Maganin ne yake taɓa jijiyoyin da ke kai ji hannu da ƙafa, kuma mun san yana yin haka, shi ya sa kullum nake tambayar ki. Da kin ci gaba da ɓoyewa muna ba ki yadda muke ba ki, zai iya kaiwa inda ba ya dawowa. Da kuma kin gudu, kin buɗe wa ciwon ƙofa." Ta ba ta hutu har ƙunar ta warke, ta rage yawan maganin, ta rubuta mata ƙwayar da ke kwantar da zugin jijiya. Ta ƙara da shawara biyu. Ɗaya, a riƙa sanyaya mata hannu da ƙafa da ƙanƙara duk lokacin da ruwan ke shiga, don sanyi yakan rage yawan maganin da ke kaiwa yatsu. Ɗayar kuma, kada ta kwanta, ta riƙa tafiya tana motsa yatsun. Ta ce, "Ba alkawari nake yi miki ba. Wasu yana taimakonsu sosai, wasu kaɗan. Amma a gwada."

Za ku ce Lantana ta gode wa ƙanwarta. Ina! A mota ko kallon ta ba ta yi ba. Ta ce yarinyar da ta goya ta ƙaryata ta a gaban baƙuwa. Ta daina kiran sunanta, idan tana son abu sai ta ce wa mijinta, "Malam, ka gaya wa waccan." Barira ba ta tattara kayanta ba. Ita ce mai tsoma gwiwar hannu a ruwan wanka ta ji zafinsa kafin yayarta ta shiga. Ita ce mai zazzage takalmi kada ƙaya ko kunama ta ɓuya a ciki. Kowace yamma sai ta durƙusa ta ɗaga tafin ƙafar Lantana ta duba, mai ƙafar na kallon bango. Haka suka zauna har bayan an gama maganin, babu magana.

Ta biyu ita ce Sahura, maƙwabciya, katanga ɗaya ta raba su. Sana'arta zoɓo da kunun aya, tana da firiza a tsakar gida. Ita da Lantana ba sa ga maciji... a'a, bari in faɗa muku yadda yake: sun yi shekaru ba sa gaisawa, a kan kwata. Ruwan wanke-wanken gidan Lantana ne ke bi ta gindin katangar Sahura, aka yi cacar baki har mai unguwa ya shiga. Ko ciwon nan da aka yi, sau ɗaya Sahura ta leƙo dubiya, ta tsaya daga zaure.

Ta kan katanga ta ji Malam Sabi'u yana faɗa wa ɗansa cewa asibitin ba su da safar sanyin da ake sa wa hannu da ƙafa lokacin ƙarin ruwa, sai dai mutum ya zo da ƙanƙararsa, ga shi bazara ta shigo, wuta kuma sai ta ga dama take zuwa. Ranar komawa asibiti, da sassafe, sai ga Sahura a ƙofar gida da mayafinta, ta rungumo kula cike da ƙanƙara. Ba ta yi dogon bayani ba. Ta ce, "Ina motar? Ƙanƙara ba ta jira."

Nas ta nuna mata yadda ake yi: a sa wa hannu safa mai laushi tukuna, a naɗe ƙanƙarar a leda da ƙyalle kada ta ƙona fata, a fara tun kafin ruwan ya soma shiga, a ci gaba har bayan ya ƙare, a riƙa dubawa. Sahura ta zauna a ƙasa gaban kujerar Lantana, tana riƙe wannan, tana gyara wancan, wadda ta narke ta sauya. Wanda bai taɓa riƙe ƙanƙara ya daɗe ba bai san azabarta ba. Lantana ta fara hawaye tana neman zare hannu. Sahura ta danne hannun, ta ɗago kai ta ce, "Wai ni kam, kina zaton na manta da maganar kwatar nan?"

Lantana ta zaro ido. "Kwatar da ta riga katangarki zuwa duniya?"

Shi ke nan, suka dasa. Wannan ta kawo shaida, waccan ta rushe. Sauran matan da ake wa ƙarin ruwa a ɗakin suka rabu biyu, wasu na bayan Sahura wasu na bayan Lantana. Kafin a ankara ruwan ya ƙare. Daga ranar, kowane mako sai Sahura ta zo da sabon ɓangaren rigimar, har da akuyar da ta ci mata ganyen zogale tun kafin a haifi autan Lantana.

Azumi ya shigo a tsakiyar haka, lokacin da mai firiza ba ta da sukunin ko gyara ɗankwali saboda masu saye. Sahura ta daina jera zoɓo a firizar a jajibirin ranar asibiti, ta cika ta da ruwan leda. Masu sayenta da yawa suka koma wani gida. Akwai makon da taransifomar unguwa ta ƙone, gari ya yi tsit babu ƙanƙara. Ta hau acaɓa ta bi gidajen masu janareto, daga nan ta je wurin masu sayar da kifin sanyi a bakin tasha, ta roƙa har ta cika kular. A hanyar asibiti motarsu ta lalace, rana ta take. Ta jiƙa buhu ta naɗe kular, ta cire mayafinta ta ƙara, ta tura ta ƙarƙashin mota cikin inuwa, ita ta tsaya a rana. Ta isa asibiti leɓenta ya bushe ya tsattsage, tana azumi, ruwan sanyi na ɗiga ta tsakanin yatsunta har zuwa gwiwar hannu. Ko sau ɗaya ba ta yi fashi ba har aka ɗaura ruwan ƙarshe.

Ta uku ita ce Hansatu, aminiyar Lantana tun suna tallan dafaffiyar gyaɗa. Malamar makarantar 'yan mata ce, ta yi ritaya. Tun ranar da likita ta ce a yi tafiya, kowace safiya sai ta zo ta tsaya a tsakar gida ta ce, "Tashi." Su zagaya bayan makaranta su dawo, Lantana na dafe da kafaɗarta don ba ta jin ƙasa sosai. Idan sun dawo ta zube mata wake a faifai ta ce ta tsince tsakuwa, ko ta ba ta ƙullin fura ta mulmula. Lantana ta yi ta mita, Hansatu ta yi kamar kurma.

Amma babban aikinta sai bayan an gama magani ya zo. Aka yi hoto, aka ɗebi jini, likita ta ce ba su ga alamar ciwon ba, sai dai a riƙa zuwa ana dubawa. Gida ya cika da murna, aka yi sadakar waina. Lantana kaɗai ce ba ta yi dariya ba. Zugin ya ragu, ƙafa ta fara jin ƙasa, amma yatsun hannu sun yi nauyi kamar na aro. Likita ta ce jijiya a hankali take farfaɗowa. Lantana ta ce ita ta san ta gama. Ta tattara kibiya da mataji da kwalbar mai ta tura ƙarƙashin gado. Matan unguwa sun riga sun koma wurin wasu masu kitso, ba ta ga laifinsu ba. Ta daina fitowa tsakar gida, ta daina tsintar waken, abinci ma sai an yi da gaske.

Wata hantsi Hansatu ta shigo ɗakin, ta jawo kayan daga ƙarƙashin gado, ta zauna a ƙasa tsakanin gwiwoyin Lantana, ta zare ɗankwali. Gashin ya cukurkuɗe ya dunƙule. Ashe tun ranar da aka kwantar da Lantana ba ta bar kowa ya taɓa kanta ba.

"Bikin Jamila saura kwana kaɗan," in ji ta. Jamila 'yarta ce ta ƙarshe. "Ko ki yi mini, ko in shiga cikin mata a haka. Zaɓi ya rage naki."

"Hansatu, ba na jin gashin."

"Ni ina ji. Fara."

Kitson da Lantana kan gama kafin shayi ya huce, ranar sai da suka kai la'asar. Tsagar ta karkace, wani layin ya yi kauri wani ya yi siriri. Tun da ba ta jin ƙarfin hannunta, ta ja gashin har idon Hansatu ya kawo ruwa, kibiya ta karce mata fatar kai har jini ya fito. Hansatu ta haɗiye, ta ci gaba da ba ta labarin dangin ango. Ranar wunin biki, ɗaki cike da mata, uwar amarya ta zame ɗankwalinta wai zafi take ji. Wata ta ƙyalƙyale da dariya ta ce, "Malama, wace yarinya ce ta koyi kitso a kanki?" Hansatu ta juya kan sosai don kowa ya gani, ta ce, "Lantana ce. Ta dawo aiki. Mai so ta bi layi, ni ce a gaba."

Kowane mako sai ta tsefe ta dawo. Na biyu ya fi na farko, na bayansa ya fi shi. Wata rana ana cikin yi sai Lantana ta tsaya cak. Hansatu ta ce lafiya? Ta ce, "Akwai wani ƙurji a nan bayan kunnenki." Ba da ido ta gan shi ba. Suka rungume juna suna kuka, har Barira ta shigo da gudu tana zaton wani abu ne ya faru. A ranar ne Lantana ta ɗago ta ce, "Barira, zo ki zauna, ke ma kanki ya tsufa." Watanni ke nan rabon da ta kira wannan sunan.

Ba zan ce muku yatsun sun koma kamar na da ba. Har yau ƙaramin yatsanta na dama ba ya ji sosai, kuma idan sanyi ya yi yawa takan ji ɗan zugi. Yanzu takan kalli kan da take kitsawa jefi-jefi. Amma tabarmar ƙofar ɗakinta ta sake cika, amare sun dawo, gashin kanta ya tsiro da furfura mai laushi, kuma duk zuwan da take yi asibiti da labari mai daɗi take dawowa.

Ana nan sai matar babban ɗanta Nafi'u ta haihu, aka samu mace. Nafi'u ya zo ya durƙusa gaban mahaifiyarsa ya ce, "Inna, ban yi mata huɗuba da kowane suna ba. Mun zaci ba za ki ga wannan rana ba. Ke za ki zaɓa." Lantana ba ta yi dogon tunani ba ta ce sunan ɗaya daga cikin matan nan uku za a sa. Sai da ta faɗa sannan ta gane abin da ta jawo wa kanta. Jaririya ɗaya ce.

Labari ya kai musu. Sahura ba ta ɓoye ba, ta leƙo ta kan katanga ta ce ita fa ba ta taɓa yin takwara ba, kuma a tuna wanda ya tsaya a rana. Hansatu ta yi dariya ta ce kanta har yanzu akwai tabo, mai shakka ya zo ya shafa. Barira kuwa ta ci gaba da jajjagen kayan miyar suna.

Lantana ta kwanta da abin ta tashi da shi. Idan ta tuna Barira sai ta ce, ba don ta buɗe baki ba, da na gudu daga magani, ko na zauna hannun ya mutu gaba ɗaya, kuma ita kaɗai ce na saka wa da gaba. Idan ta tuna Sahura sai ta ce, wannan ba jinina ba ce, ba ƙawata ba ce, babu abin da ya wajabta mata, kuma wa ya san abin da zai rage a yatsun ba don sanyin nan ba. Idan ta tuna Hansatu sai ta ce, rai ya tsira, yatsu sun tsira, amma da suna can a naɗe a cinya har yau, ni kuma ina ɗaki ina jiran mutuwa da lafiyata.

Safiyar suna ta yi. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, rago na ɗaure, liman ya zauna, wanzami na wasa askarsa. Nafi'u ya shigo ya tsaya bakin ƙofar ɗakin mahaifiyarsa ya ce, "Inna, mutane na jira."

Na san sunan da ta faɗa, don ina cikin ɗakin. Amma ba za ku ji shi daga bakina ba sai na ji naku. Ke Ladiyo, na ga bakinki na motsi tun ɗazu, ajiye gyaɗar nan. Tsakanin wadda ta tona asirin, da wadda ta riƙe ƙanƙara, da wadda ta ba da kanta, wace ce ta fi cancanta a raɗa wa yarinyar nan sunanta?